Biyu cikin uku: nazari kan binciken Madarunfa

A watan Maris na 2017, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, wadda ake bugawa a Amurka, ta fitar da sakamakon wani bincike da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar a Madarunfa, cikin jihar Maraɗi. Abin da aka jarraba shi ne wani rigakafi da ake ɗiga wa jarirai a baki domin kare su daga ƙwayar cutar rota, wadda ke cikin manyan masu haddasa zawo mai tsanani ga ƙananan yara. Kamfanin Serum Institute na ƙasar Indiya ne ya haɗa shi, kuma ana ba da shi sau uku: a sati na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa.

Aikin ya cancanci yabo. An bi jarirai 3508 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu suka sha rigakafin, wasu suka sha ruwa mai kama da shi wanda babu magani a cikinsa, ba tare da uwa ko malamin asibiti sun san wanda aka ba kowane yaro ba. Cikin waɗanda suka sha na gaskiya, an samu zawon rota mai tsanani sau 31. A ɗaya ɓangaren, sau 87. Wani abin kuma, rigakafin yana jure zafin awo 40 har wata shida, kuma duk wanda ya san bazarar Maraɗi da halin firjin ƙauye ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin wannan. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinsa.

To, ina gizo ke saƙa? Yana cikin adadin da marubutan suka tsaya a kansa: kashi 66,7 cikin ɗari. Ga likita, wannan magana ce mai iyaka sarai. Ma'anarta, cikin yara uku da zawon rota mai tsanani zai kwantar in babu rigakafi, biyu za su kuɓuta. Na ukun zai kwanta. Sannan rota ba ita kaɗai ke kawo zawo ba. Akwai wasu ƙwayoyin da ke zuwa ta gurɓataccen ruwa da hannu marar tsabta, waɗanda wannan ɗigo bai shafe su ba ko kaɗan.

Hausa kuwa, a bakin uwa, ba ta raba zawo bisa ga ƙwayar cuta. Tana raba shi bisa ga abin da ido ya gani: zawon haƙori, zawon da aka ɗora wa nono, zawon da ya zo da faɗuwar maɗiga (wadda, a wajen likita, alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki, ba cuta ce mai zaman kanta ba). Idan aka ce wa uwa an yi wa ɗanta «rigakafin zawo», ta ji alkawari cikakke. Ranar da yaron ya yi zawo, a ganinta alkawarin ya karye, kuma ba lalle ba ne ta sake tako hanyar asibiti domin ɗigo na gaba, ko ma allurar ƙyanda.

Ba zan ɗora wa marubutan laifin wannan ba, domin takwarorinsu likitoci suka rubuta wa, da Ingilishi. Sai dai rubutun da ya auna zafin da kwalba za ta jure, bai auna abin da kalma za ta ɗauka ba, alhali yaran da aka ƙidaya da Hausa ake yi musu tawai. Wannan giɓi na malaman harshe ne da ƙungiyoyin yaƙi da jahilci. Jimlar da nake ba da shawara a gwada a azuzuwan manya ita ce: «Wannan ɗigo yana rage zawo iri ɗaya, mai tsanani; in yaro ya yi zawo duk da haka, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi a duba.» Ta yi tsawo ga allon talla, amma a gwada ta a Gabi ko Ɗan Isa, a ji abin da iyaye mata za su maimaita bayan sati guda.