Sikelin Da Bai Kama Rai Ba: Bitar Littafin Spook na Mary Roach

A shekarar 1907 wani likita a garin Haverhill na jihar Massachusetts a Amurka, Duncan MacDougall, ya fitar da sakamakon wani gwaji mai ban mamaki. Ya ɗora gadon majinyata a kan ƙaton sikeli, ya zauna yana jiran ajalinsu. Mutum shida ya auna, akasarinsu masu tarin fuka, don su ba sa yawan motsi a lokacin fitar rai. Da na farko ya cika, sai nauyinsa ya ragu da kusan giram 21. Daga nan aka samo maganar nan da har yau ke yawo a wayoyinmu, wai kimiyya ta tabbatar da nauyin rai.

Wannan labari shi ne ƙashin bayan wani babi na littafin Spook da marubuciya Mary Roach ta fitar a 2005, kuma a nan ne ta fi burge ni. Ba ta tsaya kan giram 21 ba, sai da ta bi sauran mutum biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Biyu likitan da kansa ya jefar da sakamakonsu, ɗaya ma ya rasu tun kafin a gama daidaita sikelin. Sauran kuwa kowa da nasa adadin. Ya kuma gwada karnuka 15, bai ga nauyinsu ya ragu ba, sai ya ce ai dabba ba ta da irin wannan rai. Tun a lokacin wani likita, Augustus Clarke, ya mayar masa da martani cewa jikin mutum na iya yin zafi da gumi a lokacin mutuwa, alhali kare ba ya gumi ta fata kamar mutum. Shekaru da yawa bayan haka wani Ba'amurke, Lewis Hollander, ya auna tumaki a jihar Oregon, sai ga nauyin wasu ya ƙaru na ɗan lokaci.

Roach mace ce mai barkwanci, amma ba ta wasa da makoki. Abin dariyarta shi ne kayan aiki da zumuɗin masu bincike, ba mutanen da suka rasa 'ya'yansu suke neman abin da zai sanyaya musu rai ba. Wannan ladabi ne da ba kowane marubucin kimiyya ke da shi ba.

Ta yi tafiye-tafiye sosai. Ta je Indiya tare da mai binciken yaran da ake cewa suna tuna rayuwar da suka yi a baya, ta shiga makarantar masu da'awar magana da matattu a Ingila, ta kuma je Kanada inda Michael Persinger ke ɗora wa mutane hular maganaɗisu ya ga ko za su ji kamar akwai wani a ɗakin. Wanda ya fi taɓa ni shi ne gwajin Bruce Greyson a Jami'ar Virginia. Ana tsayar da zuciyar wasu majinyata na ɗan lokaci domin a gwada na'urar da aka dasa musu, sai ya maƙala kwamfuta can kusa da rufin ɗakin tana nuna hoto, fuskarta na kallon sama. Idan da gaske mutum na fita daga jikinsa ya leƙo daga sama, to zai ga hoton. Babu wanda ya farfaɗo ya bayyana shi.

Littafin na da rauninsa. Ƙananan bayanan da take jerawa a ƙasan shafi sukan yi yawa har su katse zaren magana, kuma a babin Indiya haƙurinta da mutanen ƙauye ya yi ƙaranci. Haka nan hankalinta ya fi karkata ga Turawan da suka yi fama da bokayen kiran fatalwa, alhali malaman addinai sun daɗe suna nazarin ruhi da zurfi.

Musulmin da ya karanta ba zai ji imaninsa ya girgiza ba. Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta riga ta sanar da mu cewa ruhi al'amarin Ubangiji ne, ilimin da aka ba mu a kansa kaɗan ne. Abin da Roach ta nuna, ba tare da ta nufi wa'azi ba, shi ne duk sikelin da aka kafa ya zuwa yanzu bai kama komai ba, kuma wanda ya jingina barzahu da lahira a kan mutum guda na MacDougall ya yi gini a kan toka.

Ina ba malamai masu wa'azi da ɗaliban likitanci shawarar su nemi littafin nan su karanta, musamman babin auna rai, kafin su sake ambaton giram 21 a gaban jama'a.