Jinjina ga Masu Lura da Baƙin Tsuntsaye a Komadugu

Daga Diffa zuwa Baruwa da Bosso, inda Komadugu Yobe ke gangarawa Tafkin Chadi, ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari kan sauka daga Turai bayan damina. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 12 ba, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne. Sai mai haƙuri da kaifin ido yake tantance su. Wani farin layin girarsa ke tona shi a cikin ciyawar fadama, wani farin maƙogwaro da jajayen fukafukai, wani kuwa sai an saurari kukansa.

Aikin lura da su yana da tarihi. A Malam Fatori, tsallaken Bosso, masana tsuntsaye Fry da Ash da Ferguson-Lees sun auna baƙin tsuntsayen, suka wallafa a 1970 yadda suke tara kitse kafin su ƙetare Sahara su koma Turai. Da masu farin maƙogwaro suka ragu da fiye da rabi a Ingila a 1969, masana sun gano cewa farin da aka yi a Sahel ne sanadi.

Masu kwana da sammako a bakin ruwa, riƙe da madubin hangen nesa da littafin rubutu, ku ne idanun wannan ilimi. Allah ya ƙara basira, ya kawo zaman lafiya a kwarin Komadugu.