Shaihu Umar da Taskar Sauti: Tsokaci a Kan Abin da Aka Adana na Hausar Baka

1.0 Gabatarwa

Ƙa'idojin rubutun Hausa ba sa nuna karin sauti ko tsawon wasali. Don haka duk manazarcin da ke son sanin yadda aka furta Hausa a wani zamani, tilas ya koma ga faifai da kaset. Wannan maƙala ta dubi fim ɗin Shaihu Umar a matsayin irin wannan hujja, da kuma giɓin da ya bari.

2.0 Ƙimar Fim Ɗin

Adamu Halilu ne ya shirya fim ɗin a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Ikko. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a Balin a 2018. Ga manazarcin harshe, ribar tana cikin sautin: littafin ya adana kalmomi da jimloli, fim ɗin kuwa ya adana lafazi.

3.0 Giɓin da Ya Rage

Sai dai Hausar fim ɗin tsararriya ce, an rubuta ta kafin a furta, kuma labarin na zamanin bauta ne. Ba ta wakiltar maganar yau da kullum ta 1976, balle ta Hausawan Kurmi. A Ikkon da aka nuna shi akwai zangon Agege, wanda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka bunƙasa, ga kuma mahauta da dillalan shanu na Oko-Oba, daura da Abule Egba. A nan Hausa ke cuɗanya da Yarbanci kullum. Kalmomi irin su ashana da akawu da agogo daga Yarbanci suka shigo, kuma yadda karinsu ke sauyawa yayin aro, kunne ne kaɗai zai tantance. Hujjar wannan tana cikin kaset-kaset na wa'azi da na bukukuwa da ke hannun jama'a, waɗanda zafi da raɓa ke lalatawa.

4.0 Kammalawa

Shaihu Umar ya tsira ne domin hukuma ta ajiye shi. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su tattaro kaset-kaset na zango, su mayar da su kan kwamfuta, tare da rubuta wuri da shekara da asalin mai magana. Sautin da ba a san mai shi ba, amfaninsa ga nazarin karin harshe kaɗan ne.