Nazari: Rantsuwar Alvares a Lalibela

'Yan'uwa marubuta, akwai wata cuta da ta addabi alƙalumanmu. Da zarar marubuci ya zo bayanin abin da ya ba shi tsoro ko sha'awa, sai ya ce abin ya wuce misali, baki ba zai iya faɗa ba. To, in baki ya kasa, me ya kawo alƙalami? Cutar tsohuwa ce, ga misalinta daga ƙasar Habasha.

A garin Lalibela akwai majami'u 11 da aka sassaƙa daga dutse, aka haƙa su daga sama zuwa ƙasa. Ana danganta aikin ga Sarki Lalibela, wanda ya yi mulki wajen shekarar 1200, aka kuma ce nufinsa ya samar wa Kiristocin ƙasarsa sabuwar Ƙudus. Maziyarci yakan tsaya a bakin rami ya hango rufin majami'ar Giyorgis, mai siffar gicciye, a ƙarƙashin ƙafarsa. In ya sauka, sai ya iske busassun gawarwakin masu ziyarar dā a wani kogo jikin bango. Akwai kuma wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa, duhu ƙirin, da ake kwatanta ta da jahannama, ana bin ta da lalube. Duk ranar 7 ga Janairu dubban masu ibada cikin fararen mayafai kan cika wurin don bikin haihuwar Almasihu.

Wani limamin Kirista mutumin Fotugal, Francisco Alvares, ya shiga Habasha a 1520, aka buga littafin tafiyarsa a Lisbon a 1540. Inda ya burge ni shi ne awo. Ya bi majami'un ɗaya bayan ɗaya, yana auna tsawo da faɗi da taƙin hannu, yana ƙirga ginshiƙai. Ta haka mai karatu yake gina wurin a zuciyarsa, mamaki ya zo masa da kansa ba tare da an roƙe shi ba.

Amma da ya zo ƙarshe sai ya karaya. Ya nuna ya gaji da rubutu don yana tsoron ba za a gaskata shi ba, ya koma rantsuwa da Allah cewa gaskiya ya faɗa, har ma ya rage. A nan ya cuci mai karatu, domin abin da ya rage ɗin ya tafi ke nan. Kuskure na biyu, ya kawo labarin da aka ba shi cewa fararen fata ne suka yi aikin cikin shekara 24, ya wuce bai tuhumi zancen ba, alhali Habashawa sun san sassaƙar dutse tun zamanin Aksum.

Darasi a nan biyu ne. In za ka rubuta wurin ibadar da ba na addininka ba, ka faɗi abin da ido ya gani da abin da masu wurin ke yi, cikin ladabi, ka kuma tace jita-jita. Sannan ka bar rantsuwa, domin zurfin rami da ƙafar gawa da ke leƙowa daga kogo sun ishi mai karatu shaida. Wanda zai rubuta labarin tafiya, ya fara da riƙe ma'auni kafin ya riƙe baki.