Jinjina Ga Masu Raya Tsofaffin Kwamfutoci

A shekarar 1982 aka fitar da ZX Spectrum a Ingila, Commodore 64 kuma a Amurka. Yaran wancan zamani daga kaset suke loda wasa, su zauna gaban talabijin suna jira na wasu mintuna kafin ya buɗe. Yau injinan sun tsufa, kaset ɗin ma suna lalacewa a hankali.

Sai ga wasu bayin Allah, akasarinsu 'yan sa-kai, sun ɗauki nauyin ceto wannan gado. Su suka rubuta manhajoji irin su VICE da Fuse, masu sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar tamkar ita ce. Aiki ne mai son haƙuri irin na masaƙi. Sai sun bi ƙwaƙwalwar injin, kamar Z80 ta Spectrum, umarni bayan umarni, sun auna lokacin da kowanne ke ci, domin ƙanƙanin kuskure kan ɓata hoto ko sauti. Sukan kwashe shekaru suna gyara, sannan su raba wa duniya kyauta.

Ba don su ba, da mutane ƙalilan ne za su iya buga wasan Manic Miner na 1983 a yau. Allah ya saka musu da alheri, ya ƙara basira.