Jirgin ruwa ba shi da birki

Mutumin Dangamaji da ke tsallaka gadar Jega a kan babur ba ya ko kallon ginshiƙanta. Ɗan fito da ke ƙarƙashi cikin gulbin Zamfara kuwa su ya fi sani, haka ma matuƙan manyan jiragen katako da ke hawa Neja daga Yawuri da lodin buhuna, su bi ta ƙarƙashin gadar Tuga a ƙasar Bagudo. Aikinsu gwaninta ce da ba a cika yabawa ba, don idan an yi ta daidai babu abin kallo.

Ruwa idan ya iso gada matsewa yake yi tsakanin ginshiƙai, sai gudunsa ya ƙaru. A gaban ginshiƙi ya taru ya kumbura, a bayansa ya riƙa juyi. Gwanin matuƙi tun daga nesa yake karanta wannan a fuskar ruwa: inda ya yi sumul akwai zurfi, inda ya yamutse akwai abu a ƙasa, kututture ko tudun rairayi. Ba ya saita hancin jirgi daidai da ƙofar da zai bi. Yana saita shi sama da ita kaɗan, ya bar ruwa ya gangaro da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne gangara. Wanda bai sani ba zai ce a rage wuta idan an kusa gada. Kuskure ne. Jirgin da ke tafiya daidai da gudun ruwa ba ya jin umarni, ya koma kamar kainuwa. Dole ya fi ruwan sauri kafin ya juyu, don haka a daidai wurin da zuciyar fasinja ke dukan uku-uku, nan matuƙi ke ƙara wuta. Kuma tun a gaɓa ya gama lissafin tsayin lodinsa, domin Neja sau biyu take cika a wannan yanki: da ruwan damina, sannan da ruwan da ke isowa daga Gini da Mali cikin hunturu. Ƙofar da aka bi a tsaye bara, bana sai an sunkuya.

A manyan tashoshin teku ma haka ne. Kyaftin komai ƙwarewarsa sai ya ɗauki matuƙi ɗan gari ya shige da shi. Daren 26 ga Maris 2024, jirgin kwantena mai suna Dali, mai tsawon mita kusan 300, yana fita daga Baltimore a Amurka sai wutarsa ta ɗauke, inji ya mutu. Masu bincike sun gano cewa waya guda ce ta kwance. Mintuna kamar huɗu suka rage ya isa wata gada da ke gabansa. Matuƙan 'yan gari suka sa a saki anka, suka nemi jiragen ja, suka kira a tare hanya. 'Yan sanda suka tsai da motoci. Jirgin ya daki ginshiƙi, gadar ta rufta, ma'aikata shida masu cike ramukan titi suka rasu, amma ba don wannan kira ba da abin ya fi haka.

Alhaki kuwa galibi a wuyan masu jirgi yake. Kamfanonin Dali sun fake da wata dokar 1851 don a taƙaita diyyarsu zuwa dala miliyan 44 ko kusa da haka, duk da haka sun biya gwamnatin Amurka sama da miliyan 100 na kwashe ɓaraguzai. A Florida, bayan wani jirgi ya kayar da gadar Sunshine Skyway a 1980, mutum 35 suka mutu, an kewaye ginshiƙan sabuwar gadar da dunƙulen kankare cikin ruwa, jirgi ya fara cin karo da su tukuna. A nan gida hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, sauran kariyar tana hannun mai riƙe da inji.