Sana'ar Allo da Sana'ar Kasuwa: Sharhi a kan Koyon Sana'a a Makarantun Bodinga da Shagari

A shekarar 1982, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4. Manufarsa ita ce yaro ya kammala ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawansu sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da ƙwararrun malamai. A 2011 aka sake lale, aka shigar da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare.

A takarda, manhajar ta 2011 ba ta da laifi, domin ta ƙunshi kiwon dabbobi da kiwon kifi da dukanci da gyaran wayar hannu. Aibinta shi ne ta bar wa makaranta zaɓi ba tare da ta tilasta mata duban kasuwar da ke kewaye da ita ba. Shugaban makarantar da ba shi da ɗakin gwaji zai karkata ne ga darasin da alli da allo suka wadatar, ko da kuwa babu mai neman wannan ilimi a garin.

A Shagari akwai madatsar ruwa da manoman rani. Abin da manomi ke nema shi ne wanda zai gyara masa injin ban-ruwa kafin shuka ta ƙone, da wanda ya san ajiyar albasa don kada ta ruɓe kafin ta yi tsada. Bodinga kuwa tana bakin babbar hanyar Sakkwato, inda bakanike da mai walda da mai haɗa lantarkin hasken rana ba sa rasa aiki. Ga kuma jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kiran fatarta fatar Maroko.

Za a ce babu kuɗin sayen kayan aiki. Gaskiya ne, sai dai kayan suna nan a garejin bakanike da rumfar baduku. A ganina, da makaranta za ta tura ɗalibi wurin maigidan sana'a kwana biyu a mako, ta kuma lissafa wannan aiki cikin makin jarrabawarsa, da kuɗin bai kai na injunan 1982 ba.